Ibeyi: Tagwayen da Suka Mayar da Rashi Waƙa

A shekarar 2006 wani shahararren makaɗi ɗan ƙasar Kuba, Miguel Angá Díaz, ya rasu kwatsam a Sifaniya yana da shekara 45. Cikin 'ya'yan da ya bari akwai tagwaye mata masu shekara 11, Lisa-Kaindé da Naomi, waɗanda ke zaune da mahaifiyarsu a birnin Paris na Faransa. Bayan rasuwarsa ne Naomi ta ɗauki ɗaya daga cikin kayan kiɗansa mai suna kahon, wani akwatin katako da ake zama a kansa ana bugawa da tafin hannu. Lisa kuwa ta koma ga fiyano da rubuta waƙoƙi.

Sunan da suka zaɓa wa kansu, Ibeyi, ba zai yi wa ɗan Najeriya baƙo ba. Kalmar Yarbanci ce, ibeji, wato tagwaye. Shi ma Kaindé daga Kehinde ya fito, sunan da Yarbawa ke ba wadda ta zo ta biyu, kamar Usainarmu. To me ya kai Yarbanci Kuba? Cinikin bayi ne. An kwashi Yarbawa masu ɗimbin yawa aka tsallaka da su Tekun Atlantika, jikokinsu kuma suka riƙe harshen a cikin waƙoƙin ibadarsu ta gargajiya. Waɗannan waƙoƙi ne tagwayen suka taso suna ji a bakin mahaifiyarsu.

A 2013 Richard Russell, shugaban kamfanin XL Recordings da ya fito da Adele, ya ga bidiyonsu a intanet suna rera waƙarsu “Mama Says”, wadda ke magana a kan uwar da ta rasa mijinta. Ya neme su, ya ɗauke su, kuma shi da kansa ya zama furodusan kundinsu na farko a situdiyonsa da ke Landan. Sai dai a wannan shekarar suka sake yin wani babban rashi, yayarsu Yanira ta rasu.

Duk wanda ya saurari kundin zai lura ba a cika shi da kayan kiɗa ba. Muryoyi biyu ne, sai fiyano, sai kahon, sai gangar bata mai baki biyu da har yau ake bugawa a ƙasar Yarbawa, sannan ɗan sautin kwamfuta a ƙarƙashi. Halin tagwayen ma ya bambanta: Lisa ta fi son waƙoƙi masu sanyi irin na Nina Simone, Naomi kuwa kiɗan hip-hop ne nata. Maimakon ɗaya ta danne ɗaya, sai aka bar kowacce ta sa hannunta. Mamatan ma ba a bar su a baya ba. Waƙar “Think of You” ta mahaifinsu ce, “Yanira” kuma ta yayarsu.

Akwai kasada a wannan zaɓi. Kasuwar waƙoƙin matasa ta fi son abin rawa da harshen da kowa ke ji, su kuwa ga su da zancen mutuwa, suna haɗa Turanci da tsohon Yarbancin da ko Bayarben Ibadan ba lallai ya gane shi duka ba.

Kundin ya fito a watan Fabrairun 2015 da sunan Ibeyi, lokacin suna da shekara 20. Yawancin masu sharhin waƙa sun yaba shi, musamman yadda muryoyin biyu ke haɗuwa. Bidiyon waƙar “River”, wadda suka danganta da Oshun ta addinin gargajiyar Yarbawa, ya ja hankali sosai: ana nuna su kwance cikin ruwa, ana ɗago kan kowacce ta rera nata baitin, a sake nutsar da ita. A 2016 Beyoncé ta sa su a fim ɗin kundinta Lemonade, kuma a shekarar suka yi waƙa a bikin nunin tufafin kamfanin Chanel a Havana, babban birnin ƙasar mahaifinsu. Daga baya suka fitar da Ash a 2017 da Spell 31 a 2022.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, abin da wani zai ce su ɓoye don su karɓu, shi ne ya sa aka waiwaye su. 'Yan'uwana ɗalibai, da yawanmu muna rubuta baitoci a bayan littafin darasi, muna kwaikwayon muryar wani da ke can nesa. A hutun nan ku zauna kusa da kaka, ku roƙe ta ta rera muku waƙar niƙa ko ta daɓe da ta sani tun tana budurwa. Ku rubuta ta tun tana da rai.