Alheri da Tsarki: Me Maƙwabtanmu Kiristoci Suke Nufi?

A makarantunmu akan sami ɗalibi mai suna Bulus ko Saratu, Hausa ce harshensa na gida, gero da dawa iyayensa suke nomawa kamar namu. Sai mu yi shekara shida a benci ɗaya ba mu tambaye shi abin da ake koya masa a coci ba, mu dogara da jita-jita. Ɗaya daga ciki ita ce, wai tunda Kirista ya gaskata an gafarta masa kyauta, yana iya yin abin da ya ga dama. Shin haka koyarwar take?

Bari mu fara da tarihi. A 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar isowa ƙasar Hausa. Biyu sun rasu ba da jimawa ba, Bingham ya ci gaba da ƙungiyar da aka sani da SIM. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ɗin ya karɓi kula da masu cutar kuturta a Yadakunya, cikin ƙaramar hukumar Ungogo ta yau, sannan ya buɗe asibitin ido a Kano. A 1954 cocin da suka fito daga wannan aiki suka haɗu da sunan ECWA. Da yawa daga Hausawan karkara da suka shiga, Maguzawa ne.

A koyarwar masu bishara, irin ECWA, alheri shi ne kyautar da Allah yake yi wa wanda bai cancanta ba. Sun gaskata mutum ba ya sayen ceto da ayyukansa, ta bangaskiya ga Yesu Almasihu yake samunsa. Wannan batu ne Martin Luther ya tsaya a kai a Jamus, a gardamar da ta soma a 1517.

To ina tsarki? Suna cewa shi ne amfanin da alheri yake haifarwa. Manomi ba shi ne ke saukar da ruwan sama ba, amma idan damina ta yi kyau aka ga gonarsa ciyawa ce zalla, an san da matsala. Haka wanda ya ce ya karɓi alheri, dole a gani a halinsa. Shi ya sa Bamagujen da ya tuba yakan bar burkutu da tsafi.

Ikilisiya, wato taron masu bi, ita ke sa ido. Wanda aka samu da sata ko zina, dattawa kan sa shi ƙarƙashin horo, a dakatar da shi daga jibin Ubangiji har ya tuba a maido shi. Zumuntar Mata kan ziyarci marasa lafiya, da kaka kuma a kawo dammunan hatsi coci don godiya.

Ke nan jita-jitar ba ta da tushe. Ba sai mun yarda da aƙidar juna kafin mu faɗe ta daidai ba. Gobe idan an fita tara, mu tambayi abokin zamanmu cikin ladabi, shi ma mu ba shi dama ya tambaye mu.