Kuɗin Gwamnati Da Zaman Rani A Ƙasar Getso

Da zarar an gama cirar gyaɗa da yankan dawa, an zuba hatsi a rumbu, sai ƙasar Getso ta shiga wani hali wanda ko wane magidanci ya san shi. Samari su ɗaure 'yan kayansu su tsaya bakin hanya suna jiran motar Kano. Waɗansu a birni za su tsaya, waɗansu sai Kaduna ko Abuja ko Ikko, ga masu tura baro, ga 'yan ga-ruwa, ga 'yan acaɓa. Ba su komowa sai ruwa ya faɗi. Damina a wannan yanki na Gwarzo da Kabo ba ta wuce wata biyar. Sauran watannin kuwa, in an ɗebe girbi da sharar gona, ga ƙarfi a jiki, babu abin yi.

Wannan zaman rani shi ne ainihin rashin aikin ƙauye, ko da ya ke lissafin ofis bai cika nuna shi ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 marasa aiki a Nijeriya sun kai kashi 33.3 cikin 100. A 2023 ta sake ma'auni, sai lissafin ya faɗo zuwa kashi 4.1, domin a sabon ma'aunin duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na sa'a ɗaya a mako, mai aiki ne. Watau saurayin da ya yi dako ran kasuwa ya zauna kwana shida, ba ya cikin marasa aiki. To, ko wace shekara Gwamnati na sanar da kasafin kuɗinta. Ta ina kuɗin nan ke taɓa wannan saurayi?

YADDA KUƊI KE ZAGAYAWA

A 1936 wani masanin tattalin arziki na Ingila, John Maynard Keynes, ya bayyana cewa in mutane na zaune ba aiki, kuɗin da Gwamnati ta kashe ba ya tsayawa a hannun wanda ya fara karɓa. A ce an biya lebura naira 1,000 wajen haƙa magudanar ruwa. Ya ajiye 200, ya kashe 800 wajen mai hatsi. Mai hatsi ya kashe 640 wajen tela da mahauci, su kuma su kashe 512, haka har abin ya ƙare. In aka tara duka, cinikin da naira 1,000 ta haifar ya kai naira 5,000.

Amma akwai sharaɗi. In rabin ko wane kuɗi da ya shiga hannu fita ya ke yi daga ƙasa, wajen shinkafar waje da mai da atamfar waje, to cinikin naira 2,000 kaɗai za a samu. In kuwa kuɗi ya yi yawa kaya bai ƙaru ba, tsada za ta biyo baya. Saboda haka yawan kuɗin da aka kashe bai isa shaida ba. Sai an duba abin da kuɗin ya bari a ƙasa bayan ya wuce. Tarihin Kano ya nuna haka sau uku.

RELUWE DA GYAƊA

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, da kuɗin Gwamnati aka gina ta. Turawa auduga suka sa rai za ta ɗauka. Manoman Kano suka auna, suka ga gyaɗa ta fi riba, kuma in kasuwa ta ɓaci a ci ta a gida. Tun daga 1912 gyaɗa ta soma kwarara zuwa tasha. Hanya ɗaya ta ba manomi kasuwa, ta ba mai jaki da mai raƙumi sufuri, ta ba dillali da mai awo da akawu abin yi. Daga baya Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa, wadda aka kafa a 1954, ta riƙa sayen gyaɗa da auduga a ƙasa da farashin duniya tana tara rarar. Da irin wannan rara aka sa hannu wajen kafa masaƙar Kaduna a 1957. A nan manomi ne ya ciyar da Gwamnati, kuma ya kamata a tuna da haka in ana maganar abin da Gwamnati ta yi wa manomi.

KUƊIN UDOJI

Na biyu ya zo da arzikin man fetur. A ƙarshen 1974 Gwamnatin Tarayya ta karɓi shawarar kwamitin Jerome Udoji ta ƙara albashin ma'aikata, aka biya har da na watannin baya. Akawuna suka sayi babura da rediyo. Amma ba a ƙara ko dami ɗaya na dawa ba, ga shi ƙasa ba ta gama farfaɗowa daga farin 1973 ba. A 1975 tsadar kaya ta hau fiye da kashi 30 cikin 100. A shekarar nan kuma cuta ta kama gyaɗa ta hallaka ta. 'Yan ƙwadago suka bar gona suka bi aikin gini a birane, dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano. An kashe kuɗi mai yawa, lissafi ya nuna arziki ya hau, noma ya koma baya.

MADATSUN RUWA

Na uku shi ya fi kusa da Getso. Gwamnan Kano na farko, Audu Bako, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, ya ga ruwan damina na wucewa a banza, sai ya sa aka shiga gina madatsu. An gama ta Tiga a 1974, aka shirya shayar da hekta 22,000 a wajen Kadawa da Kura. Aikin ya ci gaba bayansa. Nan yamma aka samu Watari a ƙasar Bagwai, da Guzuguzu da Magaga da Pada da Marashi a ƙasashen Kabo da Gwarzo. A 1992 aka gama babbar madatsar Challawa a Ƙaraye.

Duk wanda ya bi ta Kura da rani ya ga abin da ruwa ke yi. Manomi ya girbe shinkafa ya bi da alkama ko tumatir ko albasa. Ana neman mai dashe, da mai ban ruwa, da mai tsinka, da mai saƙa kwando, da direba, da bakaniken inji. Masu casa da masu turara shinkafa, yawancinsu mata, suna samun nasu. Shekara wajen hamsin ke nan da kashe kuɗin, har yau yana haifar da aiki.

A 1982 kuma aka kafa hukumar KNARDA da rancen Bankin Duniya. Ta buɗe hanyoyin burji, ta baza malaman gona ƙauyuka, ta yaɗa 'yar rijiyar fadama da ƙaramin injin ban ruwa. Wannan inji bai kai madatsa kwarjini ba, amma ya kai noman rani wurare da yawa inda magudanar Gwamnati ba ta je ba.

RIJIYA TA BAYAR, GUGA YA HANA

Duk da haka madatsa rabin aiki ce. Da yawa daga ƙananan madatsun Kano ba a shimfiɗa musu magudanan da suka dace da yawan ruwansu ba. Ruwa na kwance, rana na sha, manomin da gonarsa ke nesa da gaɓa yana kallo, sai mai halin sayen inji da tiyo. Tun da aka janye rangwamen man fetur a watan Mayu na 2023, shi ma mai injin yana ji a jikinsa. Inda aka yi magudanar kuwa, in ba a ware kuɗin gyara ba, yashi da kacala su toshe ta. Akwai kuma hakkin na ƙasa da kogi: tun da aka tare ruwa a Tiga da Challawa, ambaliyar da ke ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, masunta da manoman can suka yi hasara.

Sa'an nan ga bashi. Da farashin mai ya faɗi a shekarun 1980, ayyuka da yawa suka tsaya a rabi, a 1986 aka shiga tsuke bakin aljihu. Takin zamani, wanda a ƙarshen shekarun 1970 Gwamnati ke biyan wajen kashi uku cikin huɗu na kuɗinsa, an cire masa rangwame ɗungum a 1997 kafin a maido da wani abu a 1999. Rangwame kan zo ya tafi da canjin Gwamnati, magudanar da aka gina da kyau kuwa tana nan. A 2003 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Maputo za su ba noma kashi 10 cikin 100 na kasafinsu. Kasafin Tarayyar Nijeriya ya daɗe yana ƙasa da haka nesa ba kusa ba.

ABIN DA ZA A DUBA

In an zo da labarin sabon aiki a Getso ko Gwarzo ko Kabo, abu uku ya kamata dattawan gari da ƙungiyar manoma su tambaya. Mutum nawa zai ba aiki da rani, bayan ɗan kwangila ya kwashe kayansa? An sa kuɗin ƙarasa shi har bakin gona? Wa zai gyara shi in ya lalace, da wane kuɗi?

Manoma ma da nasu nauyin. Inda ruwa ya iso, su haɗu su yi gayyar yashe magudana kafin sanyi ya shiga, su biya kuɗin ruwa, kada na sama ya tare wa na ƙasa. Ɗan kasuwa ya tuna cewa cinikinsa na rani yana rataye da aljihun manomi. Akawu kuwa, wanda takardun biya ke bi ta hannunsa, ya sani ko wace naira da ta ɓace a hanya, aikin wani saurayi ne ya ɓace.

Ran da aka ga samarin Getso sun rage tsayawa bakin hanya bayan kaka, domin akwai albasar da za a dasa a gida, ran nan ne kuɗin Gwamnati ya iso gari. Allah ya ba da damina mai albarka, da rani mai amfani, amin.