Abin Da Ya Sa Ƙaramar Ƙungiya Ta Fi Zumunci

Jama'a, sau da yawa ƙungiyar manoma ko ta adashi takan fara da mutum goma, ana zaman lafiya. Da ta kai mutum ɗari sai rigima ta shigo, zubi ya tsaya, kuɗin mutane su maƙale. Me ke kawo haka?

Na farko, sanin juna. Idan mutum 10 za su gaisa, kowa da kowa, musafaha 45 ce kawai. Idan mutum 100 ne, sai an yi 4,950. Wani masani ɗan Ingila, Robin Dunbar, ya bayyana a 1992 cewa mutum ba ya iya riƙe hulɗa sosai da mutane fiye da kamar 150. Cikinsu kuwa har da dangi da maƙwabta.

Na biyu, kunya. A ƙaramar ƙungiya an san gidan kowa. Wadda ba ta kawo zubi ba za ta haɗu da uwar adashi a gidan suna. A babban taro kuwa mutum yakan ɓuya, ya faɗi baƙar magana ya wuce.

Na uku, a ƙaramin zama kowa yana samun damar magana. A babba, masu baki kaɗai ake ji.

In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Saboda haka idan ƙungiyarku ta girma, ku kasa ta kashi-kashi. Kowane kashi ya sami shugabansa da littafin kuɗinsa. Shugabannin su riƙa haɗuwa duk wata.