Ma'aikacin gwamnati: ma'anar suna da nauyin da ke kansa

A Madarunfa, cikin jihar Maraɗi, duk wanda ya je biro neman takardar haihuwa ko katin ɗan ƙasa, ma'aikaci yake tararwa a bayan tebur. Shi ne wanda ake kira fonctionnaire da Faransanci, wato mutumin da gwamnati ta ɗauka aiki, take biyansa albashi kowane wata.

Kalmar daga aiki ta fito. Hausa takan ɗora ma- a gaban aikatau don ta nuna mai yin abu: mai noma manomi, mai ƙira maƙeri, mai su a tafkin Madarunfa masunci. Haka nan mai aikata aiki ya zama ma'aikaci, mace ma'aikaciya, jam'i ma'aikata. Wurin aikin ma ma'aikata ake ce masa, kamar ma'aikatar ilimi, sai karin sauti ke raba su a baki. Malamin lakwal, da malamin asibiti, da malamin gona, da na daji, duk suna cikin wannan suna.

A zamanin Turawa wani suna ne ya fi shiga kunnen talaka, shi ne kumandan, Bafaranshen da ke mulkin yanki, yana karɓar lanho, yana sa mutane aikin dole. An hana aikin dole a 1946, Nijar ta samu mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960, kuma gyaran tsarin mulki na 1964 ya kawo préfet da sous-préfet. Duk da haka tsofaffi ba su daina kiran mai mulkin gunduma kumandan ba, domin tsoro ya fi doka daɗewa a zuciya.

Bambancin sunayen biyu babba ne. Kumandan umurni yake bayarwa, ma'aikaci kuwa aiki aka ba shi. Albashinsa daga baitulmali yake fita, inda harajin manomi da na ɗan kasuwa da kuɗin duwan na Ɗan Isa suke taruwa. Saboda haka talakan da ya baro gonarsa ya zo biro haƙƙinsa ya zo nema, bai kamata ya tuɓe takalmi yana rawar jiki ba, ko ya miƙa goro kafin a sa masa hannu a takarda. Ma'aikacin da ya bar shi zaune tun hantsi har azahar, sa'an nan ya ce masa ya komo gobe, ya manta ma'anar sunansa.