Tarihin Wakilcin Jihar Kano a Majalisar Dattawa: Bayani ga Jama'ar Sabon Garin Wudil da Kewaye

A duk lokacin da muka fita rangadin wayar da kan jama'a a ƙaramar hukumar Wudil, ko a Sabon Gari ne, ko Utai, ko Darki, ko Lajawa, akwai tambayar da ba ta wuce mu: wane ne sanatanmu, kuma ina iyakar mazaɓarsa? Wasu suna ɗauka cewa sanata na Wudil da Garko ne kawai, alhali kuwa wannan mazaɓar ɗan Majalisar Wakilai ce. Wannan ruɗani ba ƙaramar asara yake jawowa ba, domin sau da yawa ƙungiyoyin ci gaban ƙauyuka sukan haɗa kuɗin mota, su kai takardar kokensu inda ba nan ne hurumin maganar ba. Saboda haka muka ga ya dace mu kawo tarihin wannan kujera, domin amfanin dagatai da masu unguwanni da kansiloli da sauran jama'a baki ɗaya.

An kafa Majalisar Dattawa ta Nijeriya a shekarar 1960, kuma Dokta Nnamdi Azikiwe ne shugabanta na farko. A wancan zamani Kano lardi ce a cikin Jihar Arewa, don haka ba ta da sanata nata na kanta. Kujeru 12 aka ware wa Arewa gaba ɗayanta, kuma ba talakawa ke jefa ƙuri'a ba, gwamnatin yanki ce ke gabatar da sunaye. Juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 ya rushe majalisar. Da Janar Yakubu Gowon ya ƙirƙiro Jihar Kano a ranar 27 ga Mayu 1967, sai da jihar ta yi shekara 12 babu wata majalisa da za ta aika wa wakili.

A watan Yulin 1979 ne mutanen Kano suka fara zaɓen sanatoci da hannunsu. Jihohi 19 ne a lokacin, kowace da sanata biyar, jimilla 95, kuma a Legas suke zama. Jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ce ta lashe dukkan kujeru biyar na Kano. A faɗin ƙasar nan kujeru bakwai ta samu, biyar a nan, biyu a tsohuwar Jihar Kaduna. Wanda aka fi tunawa a cikinsu shi ne Alhaji Sabo Bakin Zuwo, wanda daga majalisar ya dawo ya kayar da Alhaji Abubakar Rimi a zaɓen gwamna na 1983. Wata uku kacal ya yi a ofis soja suka karɓe mulki a ranar 31 ga Disamba 1983.

Dattawanmu sukan ce a da Kano tana da sanata biyar, yanzu an rage mata. Gaskiya ne, amma a tuna cewa Kanon wancan lokaci ta haɗa da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Dutse da Ringim. An fitar da Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta 1991, kuma a zaɓen 1992 aka koma tsarin sanata uku ga kowace jiha. Ke nan ƙasar da ke da biyar a 1979, idan aka haɗa Kano da Jigawa, yau shida gare ta. A wannan zaɓe na 1992 Alhaji Aminu Inuwa ya wakilci Kano ta Tsakiya, Injiniya Magaji Abdullahi ya wakilci Kano ta Arewa, Kanar Isa Kachako mai ritaya kuma ya wakilci Kano ta Kudu. Ba su cika shekara guda cur suna zama ba Janar Sani Abacha ya rushe majalisar a watan Nuwamban 1993.

Tsarin da ake kai yanzu ya samo asali ne daga sashe na 48 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya tanadi sanata uku daga kowace jiha da ɗaya daga Babban Birnin Tarayya Abuja, jimilla 109. Ba a duba yawan jama'a a nan. Ƙidayar 2006 ta ba Kano mutum fiye da miliyan 9, Bayelsa kuwa ƙasa da miliyan 2, amma kowace sanata uku gare ta. A Majalisar Wakilai ne ake duba yawa, shi ya sa Kano ke da kujeru 24, Bayelsa 5.

An raba ƙananan hukumomi 44 na jihar nan gida uku: Kano ta Tsakiya tana da 15, Kano ta Arewa 13, Kano ta Kudu kuwa 16, wato ita ce ta fi yawa. A cikinta Wudil take, tare da Ajingi, Albasu, Bebeji, Bunkure, Doguwa, Garko, Gaya, Ƙaraye, Kibiya, Kiru, Rano, Rogo, Sumaila, Takai da Tudun Wada. Mutumin Sabon Gari da mutumin Riruwai, can bayan dajin Falgore, sanatansu ɗaya. Wannan faɗi shi ne babban dalilin da ya sa ganin sanata ke wuya, ko da mai son zagaya mazaɓarsa ne.

Daga 1999 zuwa zaɓen 2023, mutum huɗu ne suka riƙe kujerar Kano ta Kudu. Sanata Mas'ud El-Jibril Doguwa na PDP ya yi daga 1999 zuwa 2003. Sanata Usman Kibiya Umar na ANPP ya gaje shi har zuwa 2007, a guguwar da ta kawo Malam Ibrahim Shekarau gidan gwamnati. Daga nan sai Sanata Kabiru Ibrahim Gaya, wanda ya taɓa zama gwamna daga 1992 zuwa 1993. Ya ci zaɓe sau huɗu a jere, biyu a ANPP, biyu a APC, ya yi shekara 16, ya kuma shugabanci kwamitin ayyuka da kwamitin kula da Hukumar Zaɓe. A 2023 Sanata Abdurrahman Kawu Sumaila, wanda ya wakilci Sumaila da Takai a Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2015, ya kayar da shi a ƙarƙashin NNPP, sannan ya koma APC a 2025. Mai lura zai ga cewa kujerar ta je Doguwa da Kibiya da Gaya da Sumaila, amma ba ta zo Wudil ba tukuna, duk da girman kasuwarta da jami'ar da ke cikinta. Babu wata doka da ta tanadi karɓa-karɓa tsakanin ƙananan hukumomi. Magana ce ta zaɓen fid da gwani a cikin jam'iyyu, kuma a ganinmu a nan ne jama'armu suka fi yin sakaci. Haka kuma, a dukkan mazaɓun uku ba a taɓa zaɓen mace ba tun 1999.

Kano ta Tsakiya ba ta barin kowa ya daɗe. Ibrahim Kura Mohammed, Rufa'i Sani Hanga, Mohammed Adamu Bello, Bashir Garba Lado, Rabi'u Musa Kwankwaso da Ibrahim Shekarau, kowannensu zango ɗaya ya yi daga 1999 zuwa 2023. Abin da ya faru a 2023 ya cancanci a yi bayaninsa. Malam Shekarau ya fice daga NNPP a 2022, amma sunansa ya ci gaba da zama a jerin 'yan takarar Hukumar Zaɓe, har aka bayyana shi a matsayin wanda ya ci. Kotun Ƙoli ce ta tabbatar a watan Maris cewa Rufa'i Hanga ne ɗan takarar jam'iyyar, ya koma kujerar da ya bari tun 2007.

A Kano ta Arewa, Sanata Bello Hayatu Gwarzo ne ya fi daɗewa kafin 2015. An ba Aminu Sule Garo nasara a 2007, kotu ta mayar wa Gwarzo kujerar, daga baya ya zama mai tsawatarwa na majalisar. Sanata Barau Jibrin ya karɓa a 2015, kuma a ranar 13 ga Yuni 2023 aka zaɓe shi Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa, matsayin da babu sanatan Kano da ya taka tun 1979.

To, wane koke ne na sanata? Aikinsa yin dokokin tarayya, da amincewa da kasafin kuɗin tarayya, da tantance ministoci da jakadu da Alƙalin Alƙalan ƙasa, da bin diddigin ma'aikatun tarayya. Saboda haka maganar babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri da ta ratsa gadar Wudil, ko Makarantar Horar da Manyan Jami'an 'Yan Sanda ta Wudil, huruminsa ce, domin kuɗinsu daga tarayya yake fitowa. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote kuwa ta jiha ce, maganarta tana hannun Majalisar Dokokin Jiha. Rumfunan kasuwa da magudanan unguwa na ƙaramar hukuma ne. Sanata yana iya sa rijiyar burtsatse ko ajin makaranta a cikin ayyukan mazaɓu, amma ma'aikatar tarayya ce ke bayar da kwangilar, don haka ya kamata masu unguwanni su riƙa rubuta sunan ma'aikatar da ke jikin allon aikin.

Wa'adin sanata shekara huɗu ne, kuma babu iyaka ga yawan komawarsa. Idan jama'a suka gaji kafin lokaci, sashe na 69 ya tanadi kiranye: fiye da rabin masu rajista a mazaɓar, wato a ƙananan hukumomin nan 16 gaba ɗaya, su sa hannu a takardar koke, Hukumar Zaɓe ta tantance, sannan ta gudanar da ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Wa'adin majalisar da aka rantsar a 2023 zai cika ne a watan Yunin 2027. Duk wanda ya ƙauro Sabon Gari daga wata mazaɓa, sai ya je ofishin Hukumar Zaɓe na ƙaramar hukumar Wudil a lokacin da aka buɗe rajista, ya nemi a sauya masa rumfa, domin ba a jefa ƙuri'a sai a inda sunan mutum yake.