Cokali Ɗaya Ya Isa: Ni da Kwaɗayin Mayonis

Duk wadda ta taɓa shiga ɗakinmu a hostel ta san ni da kwalbar mayonis. Da yawanmu Bama muke ce wa kowane irin mayonis, kamar yadda kowane dunƙulen miya ya zama Maggi a bakinmu, to ni har 'yan ɗakinmu sun kusa laƙaba min sunan. Biredi in shafa, indomi in zuba, salak kuwa sai ya yi fari fat kafin in kai baki.

Bayan na dawo daga watanni huɗu na SIWES, ɗinkin da na yi da ƙaramar salla ya ƙi shiga. Hawa bene zuwa ɗakin lakca sai na tsaya na huta a tsakiya. Da na je asibitin makaranta kan ciwon kai, ma'aikaciyar jinya ta ɗora ni a sikeli, ta gwada jinina, sannan ta tambaye ni ko akwai mai ciwon sukari a gidanmu. Na ce Ummata. Ta ce, "To ƙanwata, ki fara kula tun yanzu, kada ki jira sai ya zo." Maganar nan ta tsaya min a rai, domin ina ganin yadda Umma take fama.

Washegari na shiga abin da muke kira dayet. Na bar tuwo, na bar shinkafa da daddare, na koma cin salak. Sati shida ina haka, na sake hawa sikeli, wallahi allura ko motsi ba ta yi ba. Har na fara zargin sikelin.

Ranar da na ga abin da ke cikin kwalbar

Ni ɗalibar kimiyyar sarrafa abinci ce, kuma a ɗakin gwaje-gwaje asirina ya tonu. Malamarmu ta ba kowane rukuni gwaiduwar ƙwai ɗaya, ɗan ruwan lemon tsami, gishiri, da mai kusan kofi guda, ta ce mu haɗa mayonis. Muna bugawa muna ɗiga man kaɗan-kaɗan, har gwaiduwar nan guda ɗaya ta shanye man tas, ya zama farin abu mai kauri. Na tsaya ina kallon kofin da babu komai a ciki. Ashe duk daren nan mai nake sha da cokali, ina cewa ganye nake ci.

Abin da ke faruwa shi ne, mai da ruwa ba sa haɗuwa, amma a cikin gwaiduwa akwai wani sinadari mai suna lesitin da ke riƙe su tare. Shi ke farfasa man ya zama ƙananan ɗigo da ido ba ya gani. Shi ya sa mayonis ba ya kama da mai, ba ya maiƙo a baki irin na suya, alhali mafi yawansa mai ne. A Amurka ma doka ba ta yarda a kira abu mayonis ba sai man da ke cikinsa ya kai kashi 65 cikin ɗari, kuma da yawa sun wuce haka.

Yanzu ga lissafin. Ƙarfin da abinci ke ba jiki da kalori ake auna shi. Giram ɗaya na mai yana da kalori 9, alhali giram ɗaya na sitaci ko furotin 4 kawai yake da shi. Babban cokali ɗaya na mayonis, a shafe ba a cike da tozo ba, yana da kalori wajen 90 zuwa 100. Kabeji kuwa giram 100 kalori 25 ne, latas da kokwamba wajen 15, karas wajen 40. Wato faranti guda na ganye da ƙyar ya wuce kalori 60. Ni kuma ina zuba masa cokali uku, wani lokaci huɗu, kusan kalori 300 ke nan. Dafaffiyar shinkafa giram 200 wajen kalori 260 ce. Kun ga ke nan shinkafar da na guje wa ba ta kai abin da nake zuba wa salak ɗina ba. In aka ƙara waken gwangwani da dafaffen ƙwai biyu, ai an gama magana.

Akwai kuma kirim ɗin salak, wanda kamfanin Heinz ya fara fitarwa a Ingila a 1914. Shi mansa bai kai na mayonis ba, don haka kalorinsa ya fi sauƙi, amma akwai sukari a cikinsa, kuma da yake yana da ruwa-ruwa, hannu ya fi sakewa wajen tuttula shi.

Me ya sa rai ke biyawa haka?

Da na gane wannan, sai na yi abin da kowa ke yi: na kyautar da kwalbar, na rantse na bar mayonis har abada. Kwana tara na yi. A dare na goma, muna tsakiyar karatun tes, na fita shagon bakin hostel na sayo 'yan leda uku da biredi, na cinye a tsaye. 'Yar ɗakinmu ta kalle ni ta ce, "Ke, ba ke ce kika rantse ba?" Na rasa bakin magana.

Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma gaskiya ne. Amma daga baya na fahimci kwaɗayin nan ba rashin tarbiyya ba ne, yana da dalilai, kuma in ka san su ka fi iya shawo kansa.

Na farko yunwa ce. Ina fita lakcar ƙarfe takwas ban karya ba, da rana in sha lemon kwalba da biskit, sai dare in ce ganye zan ci. Jikin da ya wuni bai samu abinci ba, abin da ya fi ƙarfi yake nema, kuma babu abin da ya kai mai. An daɗe da sanin haka. A 1944 zuwa 1945, a Jami'ar Minnesota ta Amurka, wani masani mai suna Ancel Keys ya yi gwaji da maza 36 da suka amince a rage musu abinci zuwa kusan rabi na tsawon wata shida. Mutanen nan suka koma ba su da zance sai na abinci, wasu har tara littattafan girki suke yi suna karantawa. Da aka sakar musu mara, da yawansu suka riƙa ci ba ƙaƙƙautawa. Dayet ɗinmu na hostel bai kai nasu tsanani ba, amma hanyar ɗaya ce.

Na biyu haramtawa. Abin da ka ce wa kanka ba za ka ƙara taɓawa ba, shi zai yi ta yi maka gizo. Kuma ranar da ka karya, sai zuciya ta ce tunda an riga an ɓata, a ƙarasa. Haka cokali ɗaya ke zama leda uku.

Na uku rashin barci. Lokacin jarrabawa muna kwana a aji. Ƙarancin barci yana taɓa sinadaran jiki da ke sanar da mutum yunwa da ƙoshi, sai ka ji kana son abu mai maiƙo ko mai zaƙi ko da ka ci abinci. Ku lura da layin mai shayi da ƙarfe ɗayan dare a satin jarrabawa.

Na huɗu sabo. Harshena ya saba salak yana zuwa da abu uku: santsi, gishiri da ɗan tsami. Da na zauna na yi tunani, ba man nake kewa ba, waɗannan ukun ne. Kuma ana iya samunsu ta wata hanya.

Abin da ya yi min aiki

Na sake sayen kwalba, amma da sharaɗi. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To a kan mayonis dai ido bai san komai ba. Na ware cokali guda, in ɗebo in shafe bakinsa, ɗaya tak, in rufe kwalbar in mayar da ita kafin in zauna cin abinci. Kwalbar da ke buɗe a gabanka sai ka ƙara.

Cokali ɗaya ba ya isar faranti, don haka nake tsinka shi. Ina haɗa shi da cokali biyu na kindirmo ko yogot marar sukari, in matsa rabin lemon tsami, in sa ɗan masoro da dakakkiyar tafarnuwa. Cokalin kindirmo kalori wajen 10 ne kawai. Duka haɗin bai fi kalori 120 ba, maimakon 300, kuma yana game ganyen ko'ina. Satin farko na ji bambanci, zuwa sati na uku kuwa mayonis zalla ya fara yi min nauyi a baki. Bambancin kalori 170 zuwa 180 a rana kamar ba komai ba ne, amma a wata ya haura 5,000, kuma kilo ɗaya na kitsen jiki ana ƙiyasta shi da kalori wajen 7,700.

Sannan ina tsane ganyen sosai bayan wanki. Jiƙaƙƙen kabeji yana tsinka ɗanɗano, sai ka yi ta ƙarawa kana cewa bai ji ba. Albasa, tumatir da koren tattasai su ma suna ƙara armashi ba tare da mai ba.

Wasu ranakun ba na taɓa kwalbar sam, ina komawa abin da muka tashi da shi a gida: kwaɗon zogale ko na latas, da garin ƙuli-ƙuli, tumatir, albasa da yaji. Ƙuli-ƙuli yana da furotin, yana riƙe ciki. Amma shi ma fa a auna, domin soya shi ake yi, kuma in an ce a ɗiga man gyaɗa, a ɗiga da cokalin shayi. Babban cokali na kowane irin mai kalori wajen 120 ne, ko na gyaɗa ne ko na zaitun. Tsadar man zaitun ba ta rage masa kalori.

Kada kuma a ce za a cire mai gaba ɗaya. Bitamin A, D, E da K sai da mai jiki ke iya tsotsarsu, haka ma sinadarin da ke cikin karas wanda jiki ke mayarwa bitamin A. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ce a bar mai ba, cewa ta yi kada ya wuce kashi 30 cikin ɗari na ƙarfin abincin da mutum ke ci a rana, kuma a ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa. Gundarin ganye ba komai, in ka ƙi jininsa, ba za ka jure cinsa ba.

Na dawo da karin kumallo: koko da ƙosai, ko dafaffen ƙwai da ɗan biredi. Na dawo da tuwo da shinkafa, amma madaidaici, ganye ya ci rabin faranti. Tun da na daina wuni da yunwa, kwaɗayin dare ya ragu da kansa. In kuma ya taso, nakan ce wa kaina ba hanawa na yi ba, a jira minti ashirin. In sha ruwa, in zagaya wajen ƙawata a wani ɗaki. Sau da yawa kafin in dawo ya wuce. In bai wuce ba, in ci cokalina ɗaya a zaune, ba tare da jin na yi laifi ba.

Abu biyu na kiyayewa. In za ku saya, ku juya kwalbar ku karanta. Ana jera kayan haɗi ne daga wanda ya fi yawa, kuma wanda aka rubuta an rage masa mai, galibi ruwa da sitaci aka ƙara, wani har da sukari, don haka ba lasisin tuttulawa ba ne. Sannan da zafin garin nan da rashin wuta, haɗin kindirmo a yi shi a cinye a take, kada ya kwana. Mayonis na gida da ɗanyen ƙwai kuwa ban ba da shawararsa a hostel ba, saboda ƙwayar cutar salmonela. Ganye kuma a wanke shi da ruwa mai tsabta sosai, kada garin gudun ƙiba a kwaso taifod.

'Yan uwa maza, kada ku ce zancen mata ne. Biredin da mai shayi ke lafta wa mayonis kafin ya ɗora wainar ƙwai, da shawarmar da ke ɗiga a hannu, duk lissafin ɗaya ne. Ba sai kun bari ba. Ku ce, "Malam, a sa kaɗan." Ba zai yi fushi ba, ribarsa ce ma.

Ga masu shan shayin rage ƙiba da ake tallatawa a waya, ku sani da yawansu maganin sa gudawa ne a ciki. Ruwa kuke zubarwa, ba kitse ba. Abin da likitoci suka fi ba da shawara shi ne rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati. Mai ciwon sukari, olsa ko hawan jini, da mai juna biyu, su fara ganin likita kafin su canja abinci.

Ni dai cikin wata biyar na sauke kilo biyar, da awon cokali da kuma tafiya a ƙasa daga hostel zuwa sashenmu maimakon hawa Keke. Ba wani abin a zo a gani ba ne, amma sannu ba ta hana zuwa. Ɗinkin sallar nan ya shiga, da shi ma nake shirin zuwa kare furojet ɗina in Allah ya kai mu. Da na je gida hutu na haɗa wa Umma salak da kindirmo, ta ci ta ce, "Wannan kuma wane irin Bama ne?" Na ce na makaranta ne. Kwalbar da a da ba ta yi min sati biyu, yanzu ranar lalacewarta nake dubawa.

Allah ya ba mu lafiya, ya ba mu sa'ar jarrabawa.