Yadda ake haɗa launin rubutu a Microsoft Word

Ba dole ka tsaya kan 'yan launukan da Word ya jera maka ba. Zaɓi rubutun, ka danna ƙaramar kibiyar da ke gefen harafin A mai layi a ƙasa, ka shiga "More Colors", sannan "Custom". Akwai gurabe uku: ja, kore da shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. Duka 0 baƙi ne, duka 255 fari. Cakuɗa su yana ba da launuka sama da miliyan 16.

Idan launi ya yi maka, rubuta lambobinsa domin takardunka su zo iri ɗaya. Ka guji ruwan ɗorawa a farar takarda, yana wahalar da ido. Kafin bugawa, gwada shafi ɗaya, domin launin allo da na takarda sukan bambanta.